Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgin Da Ya Rushe Birnin Halifax

Wasiƙun wannan fitowa duk sun biyo bayan ɗan tsokacin da muka yi ne a fitowar da ta gabata, inda muka ambata a taƙaice cewa kafin a ƙera bam ɗin nukiliya, babu wata fashewa da hannun ɗan Adam ya jawo wadda ta kai girman wadda ta auku a tashar jiragen ruwa ta Halifax, ƙasar Kanada, a shekarar 1917. Masu karatu da dama sun nemi ƙarin bayani, don haka muka zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, muka ba su filin gaba ɗaya.

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wadan Zariya. Ɗalibaina sun karanta abin da ka rubuta, suka tsare ni da tambaya: ta yaya jirgi guda da ke kan ruwa zai rushe garin da ke kan tudu, kuma me ya hana mutanen garin gudu, tun da an ce sai da jirgin ya jima yana ci da wuta? Ina roƙon cikakken bayanin da zan kai musu aji.

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ka gaishe mini da ɗaliban, ka kuma shaida musu cewa tambayarsu ta biyu ita ce ainihin maganar, amma ba za a fahimce ta ba sai an bi labarin daga tushe.

Halifax shi ne babban birnin lardin Nova Scotia da ke gabashin Kanada, a bakin Tekun Atilantika. A watan Disamba na 1917 Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin shekararsa ta huɗu. A nan gida, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ne ke kan karaga, sojojin Nijeriya kuma suna can Gabashin Afirka suna fafatawa da Jamusawa. Saboda tashar Halifax tana da zurfi kuma ruwanta ba ya daskarewa da hunturu, sai ta zama zangon da jiragen dakon kaya ke taruwa su haɗa ayari, jiragen yaƙi su raka su zuwa Turai don gudun farmakin jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. Siffar tashar kamar ta gora ce: akwai ciki mai faɗi da ake kira Bedford, inda jiragen ke jiran juna, akwai kuma wuya siriri da dole kowane jirgi ya bi ta cikinsa, ko zai shiga ko zai fita. A gefe guda na wuyan nan unguwar Richmond take, cike da gidajen ma'aikata da masana'antu da layin dogo, a tsallake kuma garin Dartmouth. Da dare akan ja ragar ƙarfe a toshe ƙofar tashar, ba shiga ba fita sai gari ya waye.

Ragar nan ce ta haɗa jiragen biyu a safiya guda. Na farko shi ne Mont-Blanc, jirgin Faransa, wanda ya yi lodi a New York zai nufi Bordeaux, ya kuma iso da yammacin 5 ga Disamba bayan an riga an rufe, ya kwana a waje. Cikinsa maƙare yake da fiye da tan 2,500 na nakiya, mafi yawanta wani sinadari da ake kira fikirik, sai TNT da audugar nakiya, a kan benensa kuma an jera gangunan benzol, wani mai dangin fetur mai saurin kama wuta. Don ɗalibanka su gane yawan kayan, ka tuna musu cewa tirelar da ke ɗaukar buhu 600 tan 30 take ɗauka, ke nan lodin tirela fiye da 80 aka cusa a jirgi guda. Na biyu shi ne Imo, jirgin Norway da hukumar agajin Beljiyam ta yi haya, wanda zai tafi New York ɗauko kayan agaji, babu kaya a cikinsa. Shi ma ya so fita tun ranar 5 ga wata, amma kwal ɗin da zai yi tafiya da shi bai iso da wuri ba, aka rufe da shi a ciki.

Da safiyar Alhamis 6 ga Disamba aka buɗe, Mont-Blanc ya kamo hanyar shiga a hankali, Imo kuma ya taso da sauri don ya rama lokacin da ya rasa. Ƙa'idar tuƙi a irin wannan mashigi ita ce kowa ya riƙe hannunsa na dama, kamar yadda muke yi a titunanmu tun 1972. Sai dai Imo ya yi kiciɓis da wani jirgin Amurka da ya biyo hannun da ba nasa ba, ya kauce masa, ya sake kauce wa wani ƙaramin jirgi mai jan kaya da ake kira Stella Maris, kaucewar nan biyu kuma ta tura shi can ɓangaren Dartmouth, wato hannun Mont-Blanc. Jagoran Mont-Blanc, wato ma'aikacin tashar da ke hawa jirgi don nuna masa hanya, ya busa usur sau ɗaya, alamar cewa hanyar tasa ce, Imo ya mayar da biyu, alamar ba zai matsa ba, aka maimaita haka, kowa ya kafe. A ƙarshe Mont-Blanc ya karkata hagu don ya tsira, a daidai lokacin da Imo ya sa injinsa baya, abin da ya juya goshinsa ya soki gefen Mont-Blanc da misalin ƙarfe 8:45. Karon bai yi wani ƙarfi ba, domin jiragen tafiyar hawainiya suke yi, amma ya isa ya kifar da gangunan benzol, kuma da Imo ya ja baya, gogar ƙarfe da ƙarfe ta fitar da tartsatsi, wuta ta kama.

Yanzu mun iso tambayar ɗalibanka. Tsakanin kamawar wuta da fashewa akwai kusan minti 20, wanda ya ishi mutum mai lafiya ya yi nisa, ya ishi uwa ta kwashi 'ya'yanta ta bar bakin taga. Abin da ya hana shi ne kusan babu wanda ya san abin da ke cikin jirgin. A lokacin zaman lafiya jirgi mai irin wannan kaya yakan ɗaga jan tuta, kuma ba a barinsa ya kutsa tsakiyar gari, amma yaƙi ya sa an sassauta dokar shiga, jan tuta kuma a teku tamkar kiran jiragen Jamus ne su zo su harba. Ma'aikatan jirgin, waɗanda su ne suka sani, sun faɗa ƙananan kwale-kwale suka tsere zuwa gaɓar Dartmouth suna ihun gargaɗi, sai dai da Faransanci suke yi, a cikin hayaniya, ga mutanen da Ingilishi suke ji. Jirgin da aka bari babu matuƙi ruwa ya kora shi a hankali har ya jingina da matsayar jirage ta 6, a ƙofar gidajen Richmond. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, ganguna suna tashi ɗaya bayan ɗaya kamar wasan wuta, yara masu tafiya makaranta suka tsaya kallo, ma'aikata suka fito ƙofar masana'antu, mata suka matso jikin tagogi. 'Yan kwana-kwana suka iso da motarsu, Stella Maris ya dawo yana fesa ruwa, sojojin ruwa suka zo da nufin janye jirgin daga matsayar. Dukansu sun yi abin da mutumin kirki zai yi idan gobara ce irin ta kullum, kuma da wuya a ga laifinsu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, amma a nan sai a ƙara da cewa akwai waɗanda suke riƙe da fitila, hukumomin tashar da na soja, ba su kuwa tanadi hanyar haska wa jama'a ba.

Da ƙarfe 9:04 jirgin ya tashi. Masana sun kiyasta ƙarfin fashewar da kimanin tan 2,900 na TNT, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945. Amsar tambaya ta farko kuwa ita ce, nakiya idan ta fashe takan rikiɗe cikin ƙiftawar ido ta zama iska mai tsananin zafi wadda ke neman wurin da ya ninka nata sau dubbai, sai ta tunkuɗa iskar da ke kewaye, wannan tunkuɗa ta tafi kamar bango marar ganuwa da gudun da ya fi na sauti, tana kayar da duk abin da ta tarar. Ita ce ta shafe Richmond. Bayanta ruwan tashar ya tashi ya hau tudu, har ya kai mita 18 sama da iyakarsa a wasu wurare, ya ɗauki Imo ya jefa shi gaɓar Dartmouth, ya kuma share ƙauyen 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Mi'kmaq, da ke Tufts Cove. Bayan ruwa sai wuta, domin lokacin sanyi ne, kowane gida da murhun kwal a kunne, kuma gidajen na katako ne, da suka rufta sai suka kama da mutane a ƙarƙashinsu. Sandar ankar jirgin mai nauyin rabin tan an tsince ta a nisan fiye da kilomita 3, bakin igwarsa kuma a nisan fiye da kilomita 5, girgizar ta kai har tsibirin Cape Breton, nisan da ya fi na Zariya zuwa Kano. Sunayen mamatan da aka tabbatar sun haura 1,780, akan ce kimanin 2,000, waɗanda suka ji rauni kusan 9,000, a yankin da mutanensa ba su wuce 65,000 ba.

Akwai mutum guda da ya dace ɗalibanka su san sunansa, Vince Coleman, ma'aikacin tangarahu a tashar jirgin ƙasa ta Richmond. Wani sojan ruwa ya gaya masa abin da ke cikin jirgin, ya fara gudu tare da abokin aikinsa, sai ya tuna jirgin fasinja na dare daga Saint John yana dab da isowa da mutane kusan 300. Ya koma kan teburinsa ya buga waya cewa a tsayar da jirgin ƙasa, jirgin makamai na ci da wuta kuma zai fashe, ya yi ban kwana da abokan aikinsa. A wurin ya rasu. Saƙon nasa ya bi layin dogo tasha bayan tasha, shi ne kuma ya fara sanar da sauran garuruwa cewa Halifax na buƙatar agaji. Mu da muke garin da layin dogo ya raya Sabon Garinsa, ba sai an yi mana dogon bayani kan nauyin da ke kan mai riƙe da wayar tasha ba.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin kotu ne, ina zaune a Gyallesu. Ka kira abin haɗari, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ana tsakiyar yaƙi, jirgin makamai ya fashe a babbar tashar abokan gaba, a ce babu hannun Jamus? In kuwa babu, wa aka kama da laifi?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zargin da ya zo maka shi ne ya fara zuwa wa mutanen Halifax kansu. A kwanakin farko an tattara Jamusawa mazauna birnin an tsare, har ma'aikacin da ke riƙe da sitiyarin Imo, ɗan Norway da ke kwance a asibiti da rauni, an kama shi bisa zaton ɗan leƙen asiri ne, daga baya aka sake shi. Bincike bai gano ko zare guda da ya haɗa abin da Jamus ba, kuma yadda karon ya auku a bainar jama'a, da rana tsaka, da shaidu masu yawa da suka ji busar usur ɗin jiragen, bai bar wa wannan zato wurin tsayawa ba.

Batun laifi kuwa zai ba ka sha'awa a matsayinka na wanda ya san kotu. An buɗe zaman bincike ranar 13 ga Disamba ƙarƙashin Mai Shari'a Arthur Drysdale, mako guda kacal bayan abin, ana tsakiyar binne gawawwaki, gari na tafasa. A farkon Fabrairun 1918 ya ɗora laifin kacokan a kan Mont-Blanc, aka tuhumi kyaftin ɗinsa Aimé Le Médec da jagoransa Francis Mackey da kuma Kwamanda Evan Wyatt, jami'in sojan ruwa mai kula da shiga da fitar jirage, da laifin kisa ba da gangan ba. A ganina hukuncin nan ya fi kama da na zuciya. Kyaftin ɗin Imo da jagoransa duk sun mutu a fashewar, alhali ma'aikatan Mont-Blanc sun tsira in ban da mutum guda, kuma jama'ar da ke cikin makoki sun fi samun sauƙin huce haushi a kan rayayyen da ya gudu fiye da mamacin da ke kabari, ko da kuwa mamacin ne ya biyo hannun da ba nasa ba. Da ƙura ta lafa wani alƙali ya sallami kyaftin da jagoran saboda rashin hujja, Wyatt kuma masu taya alƙali hukunci suka wanke shi. A 1919 Kotun Ƙoli ta Kanada ta ce jiragen biyu laifinsu ɗaya, a 1920 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Landan ta tabbatar da haka. Babu wanda aka ɗaure. Duk shari'ar ta tafi ne a kan wa ya busa usur sau nawa, wa ya karkata ina, tambayar da ta fi girma kuwa, wato wa ya yarda a shigo da irin wannan kaya cikin unguwar mutane ba tare da share hanya ko gargaɗi ba, babu wanda aka hukunta a kanta.

Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ido, ina zaune a Shika. Na ji an ce wannan fashewa ta makantar da mutane da yawa. Me ya sa ido musamman, kuma yaya aka yi da masu raunin?

Malama, sannu da ƙoƙari. Dalilin yana komawa ne ga minti 20 ɗin nan na kallo. Sanyin Disamba ya hana mutane da yawa fitowa waje, sai suka tsaya a bayan gilashin tagoginsu suna kallon hayaƙi. Haske ya fi komai gudu, shi ya sa wanda ke nesa yakan ga walƙiyar fashewa tukuna, ya ƙara ƙura ido, sannan bayan daƙiƙa kaɗan tunkuɗar iskar ta iso ta farfasa gilashin ta watsa masa a fuska. An lissafa raunin ido kusan 5,900, an cire idanu da dama da ba su gyaruwa, mutum 41 kuma suka makance gaba ɗaya. Wani likitan ido, George Cox, da ya zo daga New Glasgow a jirgin ƙasa, ya shafe fiye da kwana guda yana fiɗa kusan babu hutu a asibitin Camp Hill, inda aka kai masu rauni kimanin 1,400 a ranar farko. Yawan makafin da aka samu a rana guda na cikin abubuwan da suka ƙarfafa kafa cibiyar kula da makafi ta ƙasar Kanada a 1918. Abin da ya kamata ki riƙa gaya wa majinyatanki da iyalansu shi ne, duk wanda ya hangi babbar gobara a inda ake ajiye mai ko gas ko sinadarai, ya bar jikin taga, in kuma ya ga walƙiya ya kwanta ya rufe fuska nan take, kada ya jira ƙara. Bidiyoyin da mutanen Bairut suka ɗauka daga barandunsu a 2020, lokacin fashewar da ta auku a tashar jiragen ruwan birnin, sun nuna wannan tazara ƙarara: ana ganin fashewar, sai shiru na ɗan lokaci, sannan wayar ta kife.

Aikin ceto ya gamu da cikas biyu. Kimanin awa guda bayan fashewar jita-jita ta bazu cewa rumbun albarushin barikin soja zai tashi, aka kori jama'a zuwa filaye, aka bar waɗanda gini ya danne na tsawon sa'o'i, alhali rumbun bai fashe ba. Washegari kuma guguwar dusar ƙanƙara ta sauka, ta zuba kusan santimita 40 a kan kangaye da mutane kimanin 6,000 da suka rasa gidajensu ɗungurum. Duk da haka jiragen ƙasa ɗauke da likitoci daga garuruwan kusa sun iso tun ranar farko, na birnin Boston ta Amurka kuma ya taso a daren ranar, ya yi ta fama da ƙanƙara a hanya har ya iso safiyar 8 ga wata. Don tuna wannan alheri, lardin Nova Scotia ke aika wa Boston babbar bishiyar Kirsimeti kowace shekara tun 1971. An mayar da wata makaranta ɗakin ajiye gawa, aka bi tsarin lambobi da adana kayan kowane mamaci wanda birnin ya koya a 1912 lokacin da aka kawo masa gawawwakin jirgin Titanic. Hukumar agajin da aka kafa ta ci gaba da biyan fansho ga nakasassu har 1976. Sai dai rabon agajin bai zo daidai ba: unguwar baƙaƙen fata ta Africville, wadda ita ma ta ji jiki, kaɗan ta samu, ƙauyen Mi'kmaq kuwa ba a sake gina shi ba.

Salamu alaikum Malam. Ina sayar da takin zamani a Samaru, kuma da damina shagona kan cika har rufi. An gaya mini taki ne ya fashe a Bairut. Shin iri ɗaya ne da na Halifax, kuma ni ma ina cikin haɗari?

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ba iri ɗaya ba ne. Kayan Halifax nakiyar yaƙi ce da aka yi ta don ta fashe. Na Bairut kuwa sinadarin amoniyam naitiret ne, wanda ake amfani da shi a matsayin taki ana kuma haɗa nakiyar fasa dutse da shi. Tan 2,750 aka sauke daga wani jirgi mai suna Rhosus da ya maƙale a tashar tun 2013, aka jibge a sito mai lamba 12, aka bar shi shekara shida jami'ai suna ta rubuta wa juna takardu, har gobara ta kama siton ranar 4 ga Agustan 2020, ta kashe fiye da mutum 200, ta raunata kusan 7,000.

Wanda ya fi kama da tambayarka shi ne abin da ya faru a Texas City ta Amurka ranar 16 ga Afrilun 1947, inda wuta ta kama jirgin Grandcamp mai ɗauke da fiye da tan 2,000 na wannan taki. Don gudun kada ruwa ya ɓata kaya, sai aka rufe ƙofofin rumbun jirgin aka tura masa tururi, abin da ya mayar da shi tukunya rufaffiya a kan wuta. Hayaƙin ya fito da launin ruwan goro mai ɗaukar ido, jama'a suka taru a bakin tasha suna kallo, jirgin ya tashi, kusan mutum 600 suka mutu, har da 27 daga cikin 'yan kwana-kwana 28 na garin.

Shi wannan sinadari a karan kansa ba ya fashewa don an taɓa shi ko an jefar da buhu. Yana zama haɗari ne idan tulinsa ya yi yawa ya dunƙule, ya gauraya da mai ko gas ko wani abu mai ci da wuta, sannan zafi ya same shi a wuri rufaffe. Yuriya da manomanmu suka fi saye wani sinadari ne dabam, ba ta yin irin wannan fashewa. Wasu nau'o'in NPK suna ɗauke da amoniyam naitiret a ciki, kuma ko da ba su fashe ba, idan wuta ta kama su sukan fitar da hayaƙi mai guba. Don haka ka karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, ka ɗora kaya a kan katako nesa da damshi, ka bar iska tana shiga, ka fitar da janareto da jarkokin fetur daga shagon, kada kuma ka bari mai walda ya yi aiki a jikin ƙofa alhali kaya na ciki. In tsautsayi ya sa wuta ta kama, ka faɗa wa 'yan kwana-kwana da maƙwabta abin da ke ciki tun kafin su matso.

Gaskiyar magana ita ce, mu da ba mu da teku, jirginmu mai haɗari tankar mai ce, kuma kullum tana ratsa Kwangila da Ɗan Magaji. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tanka ta faɗi da dare, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi ta kashe fiye da 150. Ni kaina na taɓa tsayawa a gefen hanyar Kano ina kallon wata mota na ci da wuta tare da jama'a masu yawa, sai da na koma gida na tuna cewa babu ɗayanmu da ya tambayi abin da ta ɗauko.

Baba, ni ɗalibi ne ɗan aji uku a Ƙofar Doka. Shi ɗaya jirgin, Imo, me ya same shi daga baya?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Shi bai tarwatse ba. Ya kwanta a gaɓar Dartmouth na wasu watanni, a 1918 aka janyo shi aka gyara, daga baya aka sauya masa suna zuwa Guvernøren, aka mayar da shi jirgin dakon man kifin nan mai girma da ake farauta a tekun kudu. Ranar 30 ga Nuwamban 1921 ya hau kan duwatsu a tsibiran Falkland, can kusa da ƙarshen Kudancin Amurka, aka kwashe ma'aikatansa lafiya, aka bar shi a wurin.